Shaidar da Andrew Ya Rufe a Ambulan

"Ki faɗa wa yaron nan ya turo manyansa."

Magdalene ta tsaya cak a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta waiwayo ta dubi mahaifinta. Baba Leonard yana zaune a kan kututture yana wasa bakin garma, ko ɗago kai bai yi ba, sai ka ce ba daga bakinsa maganar ta fito ba.

"Baba, wane yaro?"

"Yara nawa gare ki? Andrew nake nufi."

Shekara uku cur tana jiran wannan magana. Ta yi kuka a kanta, ta yi azumi a kanta, ta aika dattawan coci har sun gaji da zirga-zirga. Yau kuma, safiyar Alhamis, babu dalili babu komai, ga maganar ta faɗo mata tana shirin tafiya ofis.

Laifin Andrew ɗaya ne tak, baƙo ne. Mutumin Filato ne, yana cikin ma'aikatan farko da aka kwaso daga Legas aka zube a sabon birni. A wurin Baba kuwa, duk wanda ya shigo Abuja da fayil a hammata, ƙanin direban katafila ne. Tun da aka tashe su daga tsohon ƙauyensu na Maitama, inda yanzu katangar wani babban gida ta hau kan kabarin mahaifinsa, Baba bai ƙara yi wa ma'aikacin gwamnati kallon arziki ba. Ya tattara iyalinsa ya dawo Karmo wurin dangi, ya samu 'yar gona a bakin rafi, ya rufe zuciyarsa.

Shi Baba, Meshach yake so mata, wani ɗan gari, mai tifa biyu da ke kai yashi wuraren gine-gine. Magdalene ta ce ko tifa ashirin gare shi ba ta yi.

Da Baba ya ga ba za ta sauka ba, sai ya tono tsohuwar al'adar Gbagyi, wadda mai neman aure ke yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. A lissafinsa, mutumin da ya saba da kujera da fanka ba zai kai Asabar biyu ba. Ai kuwa Andrew ya ba shi kunya. Kowace Asabar ta Allah yana gona tun kafin rana ta fito, yana tada kunyar doya, hannunsa ya yi kanta, bayansa ya ƙone. Damina uku ke nan, Baba bai taɓa ce masa sannu ba.

Ta durƙusa har ƙasa, hawaye suna zubo mata.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Sai kuma ta tuna, muryarta ta yi ƙasa. "Amma Baba, ka san gobe da asuba zan tafi kai takardun karatuna?"

"Ki je ki kai mana," in ji shi, yana gwada kaifin garmar da babban yatsa. "Wa ya riƙe ki?"

Da a ce hankalinta na jikinta, da ta tsaya ta tambayi kanta. Wannan fa shi ne mutumin da watan jiya ya ture kwanon tuwo ya ce an ƙwace masa ƙasa, an ƙwace masa kaburbura, ɗansa namiji ya tafi Legas bai dawo ba, yanzu kuma boko zai ƙwace masa 'yar da ta rage. Amma murna ta rufe mata ido. Ta sa takalminta ta fita har tana haɗawa da gudu.

A hanya motarsu ta yi ta kauce wa manyan motocin da ke shigowa daga Legas, an ɗaure musu kabad-kabad na ƙarfe da kujeru da buhunan fayil. Saura wata biyu fadar gwamnati ta taso gaba ɗaya, kowa a bas ɗin maganar da yake yi ke nan. Ita kam jakarta ta rungume a ƙirji tana murmushi ita kaɗai.

A cikin jakar akwai fom ɗin neman digiri na biyu a fannin kula da jin daɗin jama'a, a wata jami'a can kudu. Shekara huɗu tana aiki a ofishin da kowa ke kira walfiya, inda matan da aka tasa daga ƙauyukansu ke zuwa su zauna a benci su zayyana mata damuwarsu, ita kuma ba ta da abin ba su sai haƙuri da biro. Tana so ta koyo aikin daga tushe. Tare da fom ɗin akwai ambulan uku na masu ba da shaida a kanta: biyu daga tsofaffin malamanta, na uku kuma doka ta ce dole ya fito daga shugaban sashenta na yanzu. Shugaban sashenta kuwa Andrew ne.

Ƙa'idar a fili take. Mai shaida zai liƙe ambulan, ya sa hannu a kan bakinsa, mai nema ba ya ganin abin da ke ciki. Wanda aka buɗe ya lalace. Ranar Litinin da azahar za a rufe karɓa.

Tana shiga ofis ta nufi ƙofar Andrew don ta yi masa albishir, sai ta ji an riƙo mata gyale.

Rosemary ce, mai buga tafireta, ƙawarta tun ranar da ta fara aiki. Mace ce mai surutu kamar rediyo, amma yau bakinta a rufe yake. Ta ja ta zuwa ɗan ɗakinta, ta tura ƙofa.

"Magdalene, zauna."

"Ke bari! Baba ya yarda! Yau da safe ya ce Andrew ya turo..."

"Na ce zauna, abeg." Rosemary ta buɗe durowa ta zaro takardar kabon guda ɗaya, irin baƙar takardar nan da ake sawa tsakanin farare biyu don a samu kwafi. "Kin san tun da aka fara kwasowa daga Legas ba a ba mu kayan aiki. Kabon ɗaya ina buga shi sau hamsin har ya yi fari. Sabo guda ɗaya ne na ɓoye, na ce sai Kirsimeti. Jiya na buɗe durowa, na ga wani ya taɓa min shi."

"To, shi ne kika tare ni a kan kabon?"

"Oga bai san aikin tafireta ba. Ranar Talata da na fita cin abinci, shi ne ya zauna ya buga da kansa. Ya ɗauki takarda, ya ɗauki kwafi, ya mayar min da wannan. Bai san sabon kabon yana riƙe komai ba." Ta miƙa mata. "Ɗaga shi wajen taga. Ni kwana na yi ina tunani ko in ƙona shi. In aikina ya tafi, ya tafi."

Magdalene ta ɗaga takardar a hasken taga. Haruffan suka fito tsaf, layi bayan layi, har da wuraren da ya yi kuskure ya koma ya danne. Sunanta ta fara gani a sama.

Andrew ya rubuta cewa ma'aikaciya ce mai zuwa aiki a kan lokaci. Daga nan kuma ya rubuta cewa zuciyarta na da rauni, ba ta iya raba kanta da masu kawo kuka, har hawaye take yi a kan aikin ofis. Ya ce tana karkata ga mutanen ƙabilarta. Ya ce a ganinsa ba ta da juriyar karatu mai zurfi, don haka ba ya ba da shawarar a ɗauke ta.

Sau biyu ta karanta. A na biyun ma leɓɓanta suna motsi kamar 'yar firamare.

Sau ɗaya ta taɓa kuka a ofishin nan. Ranar da aka kawo wata tsohuwa da masu gadi suka kama tana zagaye wani gini a Maitama da ƙwaryar kunu, tana neman inda aka binne mijinta. Magdalene ta daure har ta sa tsohuwar a mota, sannan ta shiga ofishin Andrew ta rufe ƙofa ta fashe. Babu wanda ya gani sai shi. A ranar ne ma ya fara ce mata yana son ta, ya ce wannan zuciyar tata ce ta kama shi.

"Kwafin fa?" ta tambaya, ba ta ma gane muryarta ba. "Me zai yi da kwafi?"

Rosemary ta sunkuyar da kai. "Laraba da yamma an ga babur ɗinsa a Karmo. Ke kina wajen koyon waƙa a coci."

Magdalene ta naɗe kabon ɗin a hankali. Ta miƙe.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Andrew yana tsaye yana jera fayiloli, da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Magi! Yanzu nake cewa ko motar Karmo ta..."

"Ina kwana, Oga."

Ya tsaya. Rabon da ta kira shi Oga in suna su biyu, tun kafin ya fara zuwa gona.

Ta shimfiɗa kabon ɗin a kan teburinsa, ta zaro ambulan ɗinsa daga jaka ta ajiye a gefe. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗauki baƙar takardar ya juya ta, bai ma gane ko mece ce ba, sai da hasken taga ya ratsa ta. Ya zauna.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Tambayar da za ka yi ke nan?"

"Magi, don Allah ki tsaya ki ji."

"Ina ji. Ai aikina ke nan, ji. Faɗi."

Ya haɗa tafukan hannunsa, waɗanda garma ta mayar kamar bayan kaskon suya.

"Asabar ɗin da ta wuce Baba ya kira ni gindin ɗorawa. Shekara uku, ranar ce ya fara kiran sunana. Ya ce in kika tafi kudu, kada in sake taka masa gona, kuma zai ba Meshach dama ya shigo gida. Ya ce in na hana tafiyar, kafin Kirsimeti a ɗaura. Na ce ba za ki ji maganata ba. Ya ce ai ya ji kina faɗa wa Mama cewa takardata ce mai nauyi a cikin ukun." Ya dubi kabon ɗin. "Ya ce in kawo masa shaida ya gani da idonsa. Malamin makarantar Lahadi ne ya karanta masa."

"Malam Albert ma ya ji ke nan." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Gobe duk Karmo sun san Magdalene mai kuka ce, mai son kai, marar ƙwaƙwalwa. Kuma daga bakin wanda zai aure ta."

"Ƙarya ce na rubuta! Kin san ƙarya ce!"

"Ni na sani. Su malaman da za su buɗe fa? Sun san ni? Takardar za ta shiga fayil, Andrew. Kai ne ka koya min cewa abin da ya shiga fayil ba ya fita. Ko bayan shekara goma na sake nema, ita za su fara jawowa."

"Ban yi tunanin nan ba."

"Ka yi. Kai dai ka ɗauka ba zan taɓa sani ba." Hawayen da take dannewa suka ɓalle. Ta share su da bayan hannu da ƙarfi, cikin jin haushin kanta. "Ga shi nan, ina yi. Ka ƙara a takardarka. Da hannunka ka miƙo min ambulan ɗin nan kana murmushi, ka ce Allah ya ba da sa'a. Kwana biyu yana ƙarƙashin matashina don kada ruwa ya taɓa shi. Gobe zan shiga mota tun asuba, in wuni a hanya, in kai musu wuƙar da za su yanka ni da ita, in ce na gode. In dawo in yi ta jiran ɗan aike wata uku. In amsa ta zo an ƙi ni, a kafaɗar wa zan yi kuka? A taka! Kai kuma ka ce in yi haƙuri, haka Allah ya so."

Andrew ya zamo daga kujera ya durƙusa a kan siminti. Namiji ne mai jin kansa, ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai yau.

"Tsoro ne, Magi. Wallahi tsoro ne. Shekara biyu za ki yi a can. Ni ba ni da kowa a garin nan, ba ni da gida, ɗaki ɗaya nake rabawa da mutum uku a Nyanya. Meshach yana da mota, yana da yare, yana da Baba. Ni ke kaɗai gare ni. Na ce in aka yi auren, baɗi ko baɗin baɗaɗa ni da kaina zan kai ki."

"Da wace takardar?"

Ya kawar da kai.

"Baba ban ga laifinsa sosai ba," in ji ta. "Shi a gabana ya ce ba ya so, ya ture tuwo, ya yi faɗa. An ƙwace masa abubuwa da yawa, shi ya sa yake damƙe abin da ya rage har ya ji masa ciwo. Amma kai ka san aikin nan. Ka san matan da ke zaune a bencin can. Kukan da na yi a ɗakin nan, ni da kai ne kawai, ka ce shi ya sa kake so na. Shi ka ɗauka ka kai kasuwa."

"Ki yafe min."

"Tashi. Ana ganin inuwarka ta ƙasan ƙofa."

Ya miƙe. Ta ɗauki ambulan ɗin ta yaga shi biyu, ta kuma yagawa, ta zuba a kwandon shara. Yanzu shaida biyu gare ta, fom ɗin kuwa ba ya karɓuwa sai da uku. Shi ma ya san haka.

"Rosemary!" ta ɗaga murya. "Kawo tafireta."

Rosemary ta shigo da ita a rungume, ta dire a tebur, ta fice ba ta kalli kowa ba.

"Ba zan ce ka yabe ni ba," in ji Magdalene. "Abin da ka sani za ka rubuta, a matsayinka na shugabana. In ka ƙi, ka faɗa min yanzu in san inda na tsaya."

"In na rubuta, Baba zai ji. Shekara uku, Magi. Komai ya rushe."

"Na sani."

Ya ja kujera, ya zura farar takarda, ya fara bugawa da yatsu biyu, ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsince tsaba. Hawaye na ɗiga a kan hannunsa, bai tsaya sharewa ba. Ita kuwa tana tsaye a bakin taga ta ba shi baya, tana kallon leburori suna sauke kabad daga wata babbar mota. Sai da aka yi kusan awa ɗaya.

"Na gama. Karanta kafin in liƙe."

"Doka ta hana."

"Ni na ce ki karanta."

Ta karɓa. Ya rubuta cewa cikin shekara goma sha ɗaya da ya yi yana aiki, bai taɓa ganin ma'aikaciyar da mutane ke buɗe wa ciki kamarta ba. Ya kawo labarin wasu yara biyu da suka ɓace, da ta bi sawunsu ƙauye huɗu a ƙafa har ta haɗa su da kakarsu. Ya kawo yadda ta tsara rajistar iyalan da aka tasa, wadda yanzu duk ofishin ke aiki da ita. Ya tuna har ranaku, har sunayen ƙauyukan. Ya ce in aka ba ta ilimi, wata rana ita za ta koyar da irinsa.

Wannan takardar ta fi ta farko yi mata ciwo. Ashe duk ya gani. Ashe babu abin da ya ɓace masa, yana sane da ko wace ce ita lokacin da ya zauna ya buga waccan.

Ta miƙa masa. Ya ninke, ya liƙe, ya sa hannu a bakin ambulan, ya buga hatimi. Ta saka a jaka ta ja zif.

"Magi," ya ce. "Na gyara. Ko Baba ya kore ni, zan jira ki. Shekara biyu, shekara biyar, zan jira. Ki ce min wani abu."

Ta riƙe marfin ƙofa. Ta so ta fita ba ta faɗa ba, don ta san abin da maganar za ta yi masa. Sai kuma ta ga ai shi bai tausaya mata ba.

"Ran Lahadi na je Gwagwa wurin Kawu Labaran, yayan Mama. Na durƙusa na roƙe shi, ya yarda zai tsaya a matsayin uba ko Baba ya ƙi. Fasto ma ya sa rana, sati biyu kafin a fara karatu. So nake in tafi kudu da zobenka a hannuna, don hankalinka ya kwanta. Na bari ne sai na dawo daga kai takardu in faɗa maka."

Andrew ya dafa tebur.

"Da ka ƙara haƙurin kwana biyar, Andrew."

"Magi... to ai har yanzu... ranar tana nan, ko?"

Ta buɗe ƙofar. Matan bencin suka ɗago kai gaba ɗaya suna kallon ta, kowacce da takardarta a hannu.

"Daga nan gidan Fasto zan wuce," in ji ta. "In ce masa ya ba wasu ranar."